Makaho da waiwaye: ranar da muka kai Kawu wurin lilo

 Ina gaida na ruga da na kasuwa. Ina gaida masu kora dabbobi tsakanin Damazin da Sinja, da direbobin da ke jiran a duba musu takardu a Gallabat, da 'yan uwa na tsallaken iyaka a Matamma da Kurmuk. Mutanen Mai Wurno da na ƙauyukan Jazira, sannunku da haƙuri, sannunku da ƙoƙari.

To jama'a, Sallah ta matso. Mai rago yana lissafin abin da zai samu, tela ba ya barci, yara kuwa tun yanzu maganarsu ɗaya ce: wa zai kai mu wurin lilo? Yau a kan wannan zan yi magana, amma ta wata kusurwa da ba mu saba dubawa ba. Idan an yi wanka an sa sababbin kaya, an cika raksha ko bayan mota an nufi gari, wa ake bari a gida? A gidaje da yawa amsar ɗaya ce: wanda ba ya gani. Ana barinsa da buta da tabarma da rediyo, a ce masa "ka yi mana gadin gida." Ina kyautata zaton akwai masu jina yanzu da aka sha gaya musu haka.

In ka tambayi masu gidan dalili, ba mugunta ba ce. Za su ce maka, to me zai gani? Hausawa ma sun yi karin magana a kai, suka ce aikin banza, makaho da waiwaye. Ni ma da wannan na tashi, sai da kawuna ya warware mini ita a saman lilo. Bari in ba ku labarin.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, makiyayi ne kuma dillalin shanu. Ya yi shekaru yana bin hanyar Damazin, ya san kasuwannin iyaka kamar tsakar gidansu. Hawan jinin ido ne ya kama shi, wanda Larabawan nan ke kira moya zarga. Ciwo ne mai sata. Yakan fara cin gani daga gefe, mutum bai ankara ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Kafin ya je asibiti aikin gama ya gama. Ya dawo ƙauyenmu da ke kudu da Madani ya zauna, amma bai bar sana'a ba. Har yanzu in aka kawo sa, zai shafa doronsa, ya taɓa haƙoransa, ya gaya maka shekarunsa da abin da zai yi a kasuwa, kuma da wuya ya kuskure.

Autarsa ce jagorarsa. Tun tana da shekara 6 take riƙe masa sanda, ita a gaba shi a baya, zuwa masallaci, zuwa kasuwa, zuwa asibiti a Madani. A Ƙaramar Sallar 2022 tana da shekara 9. Ranar biyu ga Sallah yaran gida suka shirya za a kai su wurin wasa a Madani, irin wanda ake kira muntaza ko malahi. Na lura ita ba ta sa takalminta ba. Na ce mata ke fa? Ta ce in ta tafi wa zai zauna da Baba. Ashe sau da yawa ta wuce ƙofar wurin nan da mahaifinta a hanyar asibiti, tana jin ihun yara, ba ta taɓa leƙawa ba.

Kawu yana jinmu daga inuwa. Ya kira ni ya ce, "Ɗan nan, wannan abin da ake cewa yana ɗaga mutum sama, akwai dokar da ta ce sai mai ido?"

Na ce, "Babu, Kawu."

Ya ce, "To ɗauko mini babbar rigata."

Innarmu ta hana, maƙwabta suka hana. Wani ya ce abin kunya ne dattijo a wurin wasan yara, wani ya ce haɗari ne. Kawu ya ce shi da ya tsallake Bahar Azrak da garke a lokacin cikowa, ba kujerar ƙarfe ce za ta ba shi tsoro ba. Muka kama hanya.

Abu na farko ya same mu tun a ƙofa. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don abin da ya faru zai iya faruwa a ko'ina. Mun isa tagar masu sayar da tikiti, Kawu ya miƙa hannu da kuɗinsa a dunƙule. Mutumin da ke ciki ya ga sanda, ya ga yarinya, ya ji muna Hausa. Bai tambayi komai ba, sai ya ɗauko 'yar takardar kuɗi ya cusa wa Kawu a hannu, ya ce Allah ya buɗa. Wallahi jama'a, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu kuwa ya shafa takardar, ya mayar masa, ya ce da Larabcin da ya fi nawa kyau, "Na gode, ɗana. Saye na zo yi. Tikiti uku, kuma ka ƙirga canjina da kyau, don zan ƙirga bayanka."

Ku tsaya a nan mu yi wa kanmu adalci. Me ya sa mutumin ya yi haka? Saboda a ƙofar irin waɗannan wurare, makahon da aka saba gani shi ne wanda ya zo bara. Mu da kanmu muka saba wa jama'a da haka, tunda wanda yake da abin biya ma ba ma fitowa da shi. Muddin muna ɓoye makafinmu a gida ranar farin ciki, mai tsaron ƙofa ba zai taɓa sanin cewa cikinsu akwai mai sayen tikiti ba.

Abu na biyu laifina ne. Da muka shiga, cunkoso ya yi yawa, sandar da ke tsakaninsa da yarinyar ta zama matsala, mutane suna ratsawa ta tsakiya suna ture ta. Sai na karɓe shi, na kama hannun rigarsa ina ja, kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Ba mu yi taku ashirin ba ya yi tuntuɓe da wayar janareta da aka shimfiɗa a ƙasa, saura kaɗan ya kifa. Ya tsaya ya ce, "Sake ni. Ba a jan makaho. Ni zan riƙe ka." Ya kama damtsena daga saman gwiwar hannu, ya koma rabin taku a bayana. Daga nan duk inda jikina ya karkata yana ji, in na taka sama ya sani, in na sauka ya sani. Daga baya na gano haka ake koyarwa a makarantun makafi. Shi bai shiga makarantar ba, tafiya ce ta koya masa.

Na sake yin wani kuskuren. Na ce masa, "Kawu, tsaya nan in sayo ruwa," na bar shi a tsakiyar fili. Ga kiɗa daga lasifika huɗu, ga janareta, ga ihun yara. Da na dawo na tarar fuskarsa ta canza. Ya ce mini mutumin da ba ya gani da kunne yake auna wuri, in ƙara ta taso daga kowane gefe, kamar a kashe wa mai ido fitila ne a cikin daji. Ya ce, "In za ka bar ni, ka haɗa hannuna da bango ko bishiya ko benci, ka gaya mini ina ka nufa da kuma yaushe za ka dawo." Tun ranar ban sake barin makaho a sarari ba.

Sai muka zo babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, wanda a nan ake kira sagiya. Makiyaya kun san asalin sunan: sagiyar bakin kogi da shanu ke juyawa tana ɗebo ruwa da tuluna, tun kafin a gama madatsar Sinnar a 1925. Irin ta wasan kuwa, wadda ta yi suna a duniya, wani injiniya mai suna George Ferris ne ya gina ta a birnin Chicago na Amurka a 1893. Da na bayyana wa Kawu siffarta, ya yi dariya ya ce, "Ashe mu ne tulunan."

Mai kula da ita ya ƙi. Kuma ba Kawu ya kalla ba, ni ya kalla, ya ce, "In ya faɗo wa zai ɗauki alhaki?" Wannan ɗabi'a tana da ciwo, a yi maganar mutum a gabansa kamar ba ya nan. Kawu ya ce, "Ga ni nan, yi magana da ni. Mai ido in ya faɗo, idon nasa fiffike ne?" Mutanen da ke layi suka fashe da dariya, shi ma mai lilon ya yi murmushi. Kawu ya ce a bar shi ya duba kujerar. Ya shafa mazauninta, ya shafa ƙarfen da ake rufewa a gaba, ya ja sarƙar, ya girgiza sakatar, kamar yadda yake duba dokin da bai sani ba. Ya tambayi zagaye nawa take yi, tana tsayawa a sama ko ba ta tsayawa, in mutum yana son sauka yaya zai yi. Tambayoyin da ni mai ido ban taɓa yi ba, alhali sau nawa na hau. Ya ce sakatar waccan kujerar tana wasa, a ba mu wata. Aka ba mu. Muka naɗe sandar a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Da ta fara tashi ya riƙe ƙarfen da ƙarfi, ya yi bisimilla. Ni na fara surutu, ga rufin gidaje, ga hasumiya, ga kaza. Ya ce, "Yi shiru tukuna." Da muka kai ƙololuwa, aka tsayar don a ɗora wasu a ƙasa. A nan na ga abin da ya kawo wannan hira. Kawu ya dinga waiwaye. Ya juya dama, ya juya hagu, ya juya baya, a hankali. Sai ya nuna da hannu ya ce, "Kogi yana can." Haka ne. Na ce yaya aka yi ka sani? Ya ce iskar ɓangaren ta fi sanyi, kuma tana ɗauke da ƙanshin laka. Ya ce, "Waccan ƙarar ta motoci a kan gada ce, ta Hantub ke nan." Ya ce kiɗan ƙasa ya ƙanƙance kamar an sa shi a cikin ƙwarya an rufe. Aka fara kiran sallar magariba, ya ƙirga mini masallatai biyar, kowanne da inda muryar ladaninsa ta fito. Ni da idona biyu, uku na iya ganowa.

Da ta gangaro, cikinsa ya yi wannan sauka da kowa ke ji, ya saki wata dariya da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba tun da ya rasa ido. Ya ce a ƙara zagaye.

To kun ji. Wanda ya ce me zai gani, bai fahimci abin da ake sayarwa a wurin lilo ba. Ku tuna, mu masu ido ma in abin ya yi tsanani rufe ido muke yi. Abin da muke biya dominsa shi ne iska a fuska, da faɗuwar gaba, da ihu tare da jama'a, da labarin da za a yi ta bayarwa bayan an koma gida. Cikin waɗannan babu wanda yake buƙatar ido.

Amma akwai waiwaye na biyu, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Mun ɗora yarinyar a kan dawakan ƙarfen nan masu zagayawa. Duk zagayen da ta yi sai ta juyo tana neman mahaifinta, ko yana nan, ko an ture shi. Sauran yara suna ihu, ita tana gadi. Na gaya wa Kawu. Ya ɗaga murya ya ce, "Auta, yau ba ki da aiki. Yayanki yana riƙe da ni." Sai a zagaye na gaba ta saki jiki. Jama'a, idan aka bar makaho a gida, ba shi kaɗai aka bari ba. An bar yaron da ke masa jagora, wanda sau da yawa makaranta ma ta wuce shi. Babba ya karɓi jagorancin na yini ɗaya, Sallar mutum biyu ya gyara.

Yanzu bari in taƙaita abin da na koya, don mai niyyar fita da ɗan uwansa a wannan Sallar. Ba sai babban muntaza na birni ba. Ko lilon katako ne da ake kafawa a filin Idi ko a gefen kasuwa, maganar ɗaya ce.

Da farko ka tambaye shi. Kada ka yanke masa cewa ba zai so ba, kada kuma ka tilasta masa. Wani zai ce a kai shi ya hau komai, wani zama kawai yake so a kan benci da jabana a hannu yana jin hayaniyar jikokinsa. Duka fita ce.

Sannan ka san irin matsalar idonsa, don rashin gani ba iri ɗaya ba ne. Mai yanar ido, wato moya beda, yana ganin duniya kamar ta cikin hazo, hasken rana mai ƙarfi ko fitilar da ke haska shi kai tsaye tana ƙara rufe masa gani. Mai hawan jinin ido da bai gama makancewa ba yana ganin abin da ke gabansa kamar ta cikin bututu, ba ya ganin yaron da ya taho a guje daga gefe. Mai dundumi da rana lafiya lau yake, rana na faɗuwa ya zama makaho, to shi a je da wuri a dawo kafin magariba. Zabiya rana ce abokiyar gabarsa, a nema masa malfa da baƙin tabarau. Mai amosanin ido, wanda gashin ido ke juyawa ciki yana gogar ƙwayar, ƙura da iska suna ƙara masa azaba, kuma wannan ciwo sananne ne a ƙauyukan jihar Bahar Azrak. Wanda aka yi wa aikin ido kwanan nan kuwa, kada ya hau abin da ke girgiza ko karo sai likitansa ya yarda. Motocin karon nan musamman, a bar su.

A lura da lokaci. Ranar farko ta Sallah bayan magariba ita ce mafi cunkoso da ƙara. Rana ta biyu ko ta uku, daga la'asar, an fi samun sarari, mai lilo ma ya fi samun haƙurin amsa tambaya.

A cikin taro a ajiye jagorancin sanda, a koma riƙon damtse. Ka faɗi matakala kafin a kai gare ta, ka ce hawa ce ko sauka, kuma guda nawa. Kalmomin "nan" da "can" ba su da amfani ga wanda ba ya ganin yatsanka. Ka ce damanka, hagunka, taku uku a gaba. In za a zauna, ka ɗora hannunsa a kan majinginar kujerar, shi zai ƙarasa da kansa. Ka sa ido a ƙasa: wayoyin janareta, igiyoyin rumfa, turaku, kaskon mai tuya, gawayin mai shayi. Ka sa ido a sama kuma, don sanda tana gano abin da ke ƙasa, ba ta gano ƙarfen da ke daidai goshi. Kuma kada a taɓa ratsawa da shi ta gaban lilo ko bayansa yana cikin tafiya.

Kafin a hau, a bar shi ya taɓa. A gaya masa gaskiyar abin da zai faru: zai tashi sama kamar tsayin dabino, zai tsaya, zai gangaro da sauri. Kada a ɓoye don a yi dariyar firgitarsa. Ku yi alama tsakaninku, misali in ya matse maka hannu sau biyu, a tsayar. Wurin sauka ya fi wurin hawa haɗari, domin kai yana juyawa kuma ba shi da abin da zai kafa wa ido ya daidaita. Ka fara sauka, ka ba shi damtse, ku ɗan tsaya kafin ku taka.

Tun a ƙofa ku yanke inda za a haɗu in an rabu, wuri mai alamar da kunne ko hanci zai gane, kamar kusa da mai gasa masara. In yaro ne, a rubuta lambar waya a sa masa a aljihu. Mai babbar waya kuma ya sani akwai manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya, a wayoyin Android sunanta TalkBack, tana cikin wayar ba sai an saya ba.

Akwai kuma abin da zamani ya ƙara mana. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kwanaki kaɗan kafin Ƙaramar Sallah, kunnuwanmu sun canza. Wanda ya gudu daga harbi ba tare da yana ganin inda yake fitowa ba, ƙarar abin fashewar da yara ke wasa da shi ba wasa ba ce a wurinsa. A ja wa yara kunne. Kuma duk filin da aka yi faɗa a kusa da shi, kada a kafa lilo ko a bi da makaho ta ciki sai an tabbatar an share shi, saboda harsasai da bama-baman da ba su fashe ba. Mai ido zai iya kaucewa baƙon ƙarfe, mai sanda kuwa da dukansa yake gane shi.

Saura ku 'yan kasuwa, don na san cikin masu saurare akwai masu kafa lilo da masu rumfuna a filin Sallah. Abin da ake nema a wurinku ba ya cin kuɗi. Ku binne waya ko ku ɗaga ta sama. Ku kewaye lilo da igiya mai kauri daidai ƙugu, da ƙofa ɗaya. Ku rage lasifika a wurin hawa da sauka. In makaho ya zo, ku yi magana da shi, ku faɗi kuɗin da ya ba ku da canjin da kuka mayar da babbar murya. In akwai dalilin haɗari na gaske, ku faɗa masa dalilin, ku nuna masa wani abin da zai iya hawa. A manyan wuraren wasa na Disney a Amurka akwai taswirar da ake shafawa da hannu, da 'yar na'urar da ke bayyana wa mutum abin da ke gabansa a kunne. Mu ba mu kai nan ba, amma baki da haƙuri muna da su, kuma su ne asalin abin.

Kada wani ya ɗauka alfarma ce. Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2009, kuma sashe na 30 na yarjejeniyar ya ambaci wasa da shaƙatawa ƙarara a cikin haƙƙoƙinsu. A 2017 ƙasar ta yi tata dokar a kan haka. Tun farkon shekarun 1960 aka kafa makarantar makafi ta Nur a Bahri. Mu ma a tarihinmu makaho ba ɗan zaman ɗaki ba ne. Aliyu Namangi na ƙasar Zazzau, mai Imfiraji, makaho ne, kuma har gobe ana rera waƙarsa daga Kano har Mai Wurno. Takarda dai ba ta buɗe ƙofa da kanta. Sai mun je mun tsaya a ƙofar da kuɗinmu a hannu.

Kafin in rufe, wata magana da ba zan iya tsallakewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum aƙalla biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki matsalarsu ta kasance wadda za a iya karewa ko magancewa. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki mutum ya koma gani, kada a kai wa mai kwantar da ita da allura a kasuwa. Hawan jinin ido in an gano shi da wuri ana tsayar da shi da maganin ɗigawa. Mutanen Gallabat da Matamma shaida ne cewa ana cin nasara: shekara da shekaru ana raba maganin makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa a ɓangarorin iyakar biyu, har aka sanar a 2018 cewa an katse yaɗuwarta a yankin. To makiyayi ɗan uwana, kana duba idon saniyarka kullum. In ka shigo gari sayar da rago, ka ware rabin yini a duba naka. Da Kawu ya yi haka, da wataƙila labarin yau ya bambanta.

Na san wani zai ce, ana fama da abinci da matsuguni, wa ke ta lilo? Ga amsata. A Disambar 2023, da faɗa ya iso Madani, mun bar ƙauye da abin da hannu zai iya ɗauka. Mun yi watanni a ajin wata makaranta, iyali a kan iyali. Da dare in yara suka fara kuka, Kawu ne ke tara su. Ba labarin shanu yake ba su ba, ba na Gallabat ba. Labarin sagiya yake ba su: yadda kujera ta tashi, yadda kiɗa ya ƙanƙance, yadda ya ƙirga ladanai biyar yana zaune a sama da bishiyoyi. Auta tana gyara masa inda ya ƙara gishiri, yara suna dariya har barci ya ɗauke su. Yini ɗaya ne, tikiti uku, amma shi muka yi ta ci a ranakun da babu komai. Da mun bar shi gadin gida, da me zai ba su?

Yanzu jama'a suna komawa garuruwansu tun bayan Janairun 2025, ana gyaran abin da ya rushe. Duk inda aka sake kafa lilo a wannan Sallar, ina roƙonku, kafin mota ta tashi a leƙa inuwar da dattijo yake zaune, a leƙa ɗakin da yarinyar nan marar gani take, a tambaye su: za ku je?

Masu saurare da ba sa gani, ku ma muna son jin naku. Ku aiko da saƙon murya ta hannun wakilanmu na kasuwanni, ku gaya mana inda aka karɓe ku da kyau da abin da kuke so a gyara, za mu sa a shiri na gaba. Kawu, na san kana riƙe da rediyo, a gafarce ni na tona asirin dariyarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai matafiya gida. A yi Sallah lafiya.